Kiɗan da Kawu Ya Ce Ba Zai Yi Ba

Duk Hayyin Ashir, kai, duk Alƙahira har da ƙauyukanta, babu bakin da ya kai nawa. Na taɓa ba wani likita dariya a unguwar Mohandessin har ya nemi tabaraunsa ya rasa alhali yana kan hancinsa. Na taɓa sa direban ƙaramar bas ɗin haya ya wuce unguwarsu don kada labari ya yanke masa. Sana'ata ke nan ma: in raka mutanenmu da suka zo neman magani daga gida, in yi musu tafinta, in cika musu kunne har a zare allura ba su sani ba. Ba a taɓa tara mutum uku a inuwa na rasa abin faɗa ba.

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, ƙanin mahaifiyata, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar benensu. Limaminmu ya juyo ya ce tunda ni ne namijin da ya fi kusa da mamacin a ƙasar nan, in ce wani abu. Na miƙe. Na dubi jama'a, jama'a suka dube ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne a matsar da takalma daga kan hanya. Na koma na zauna. Wani ɗalibi ya tashi ya matsar da takalman.

Kowa ya yi makokinsa yadda ya iya. Ɗaliban da suka zo karatu daga gida suka raba izu suna karantawa ƙasa-ƙasa. 'Yan kasuwar Nijar suka zo da sukari da ganyen shayi, suka kama wani lungu suna dafawa ba mai magana. Hausawan Sudan, dangin Inna matar Kawu, kowa ya iso sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha a tsaye kafin ya gaisa. Bawwab ɗin benen, wato maigadi, wani Bamisire mai ƙaton gashin baki da suka shekara suna faɗa da Kawu a kan famfon ruwa, shi ya fi kowa kuka. Yana jido kujeru daga gidan shayin da ke kusa yana rusa kuka kamar an ce uwarsa ce. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin matakala tana tambayar duk wanda ya wuce, yanzu wa zai riƙa aiko mata cewa sabuwar kukar miya ta iso shagon Kawu.

Ni kuwa ko ɗigon hawaye. Ina jin kaina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ka taɓa, ka san taka ce, amma ba ka jin komai. Ana ce mini ya haƙuri, ina cewa da godiya, ina ƙirga ƙudajen da ke kan butar shayi.

Muna cikin haka wayar wani ɗan kasuwa ta yi ƙara a aljihunsa. Ba ƙara ba ce irin ta kowa, kalangu ne. Wani take mai nauyi, mai taƙama, wanda duk Bahaushen da ke Alƙahira ya san shi. Mutumin ya rikice yana lalube, ya danna nan ya danna can, kiɗan ya ƙi mutuwa. Masu karatu suka tsaya. Da ƙyar ya kashe. Can wani dattijo ya nisa ya ce, Allah ya jiƙan Kawu, hannunsa ne wannan.

Hannunsa ne, gaskiya ne. Kuma shi ne kiɗa ɗaya tak da ya rantse ba zai yi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a wayi gari abin da za a riƙa tuna shi da shi ke nan, ba a san yadda aka yi ba.

Kawu ya riga mu duka zuwa Masar. Shagonsa ɗan ƙarami ne, in ka shiga da ƙafar dama ta hagu tana waje, amma a nan ake samun kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wani lokaci har kilishi in wani ya shigo da shi a jaka. Mutum ne mai wasu ɗabi'u da muka daɗe muna yi wa dariya. Ba ya fita ba gorar ruwa, ko da masallacin tsallaken titi za shi. Ba ya shiga mota sai ya leƙa ya ga fuskar direba. Kuma babu maganar da ya tsana kamar a ce ku yi gaba zan same ku. Nan take fuskarsa za ta canza, ya ce babu zan same ku, tare aka zo. A kwanakin nan da gari ya rikice, aka rasa 'yan sanda a tituna, samarin unguwa suka tare hanyoyi da sanduna, shi ya bi ɗakunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya ya kwaso su zuwa gidansa. Ya sa manyan gardawa masu gemu kowa ya riƙe gefen rigar na gabansa, kamar makafi za su kasuwa. Suka yi kwanaki suna cinye wa Inna gari, har ta ce ita ba ta san ilimi da ci haka yake ba.

Kalangunsa yana kan sif a naɗe cikin tsohon zani. Ba ya saukowa sai suna ko biki. Ya koya ne a hannun mutumin da ya rene shi a Sudan, kuma a duk ƙasar Masar shi kaɗai ne ya iya sa fata ta yi Hausa.

Rigimar ta taso ne daga 'yarsa ta fari, taubashiyata. A nan aka haife ta, Hausarta da ɗanɗanon Larabci, kuma wasan kwaikwayo ta karanta. Ni Tulu take ce mini saboda cikina, ni kuma ina ce mata Bamisiriya don na san tana jin haushi. Ita ta kawo shawarar mu shirya wasa na kanmu, mai waƙa da kiɗa, don yaran da aka haifa a nan su ji Hausa a kan dandamali ko sau ɗaya. Ta zaɓi wani tsohon littafin hikaya wanda kusan dukanmu an karanta mana a makaranta, labarin wani ayari da ya tashi zuwa Makka a ƙafa, da madugun da ya kai su bakin wata rijiya ya ce su huta, ya kore dabbobin da guzurin ya bar su.

A littafin, madugun nan ba ya ko magana sosai. Jan ido gare shi, ba ya dariya, bai fi 'yan shafuka ba ya ɓace, amma muna yara in aka zo wurinsa sai ajin ya yi tsit. Taubashiyata ta ce wannan ba zai yi a dandamali ba. Ta ce mugun da ke cikin littafi, mai karatu ne ke ƙera masa fuska, kowa da tasa, amma na dandamali dole ya zo da fuskarsa ya tsaya a gabanka yana numfashi. Kuma a wasa mai waƙa, wanda ba shi da waƙa kujera ne. Sai ta ba shi waƙa. Ta ba shi dalili, wai shi ma maraya ne da aka taɓa yasarwa. Ta ba shi jan rawani da tafiyar ƙasaita. Daga ƙarshe ta ba shi ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Tun ina firamare ake ba ni wasan jaki. Ga shi da furfurata an ba ni waƙar da ta fi kowacce daɗi a wasan:

Ku biyo ni, ku biyo ni, rijiya na gaba,
Wanda ya gaji ya jingina, ni ne uban tafiya.

Na rera ta a banɗaki, na rera ta a cikin jirgin ƙasa na metro, na rera wa wani mai ciwon ƙoda a ɗakin jira har ya ce shi ya ji sauƙi zai koma masauki.

Wata Juma'a muna cin tuwo a gidan Kawu taubashiyata ta karanta masa tsarin wasan. Ya saurara yana gyaɗa kai. Da ta gama ya tambaya ko gaskiya ne a ƙarshen irin wannan wasa duk 'yan wasa suna dawowa su riƙe hannun juna su rusuna. Ta ce haka ake yi. Ya ce, har shi madugun, zai dawo ya riƙe hannun waɗanda ya bari? Ta ce Baba, wasa ne. Ya ce ya ji. Ya ce zai kaɗa wa maniyyata, zai kaɗa wa mata masu daka, in ana so zai kaɗa wa jakuna, amma madugu ba zai samu ko ɗigo ɗaya daga hannunsa ba.

Na ce Kawu, ni ne fa madugun. Ya ce ya sani.

Na shiga zuba. Na ce ai ko Fir'auna yana da makaɗa, a ƙasarsa ma muke zaune. Na ce mugu ma ɗan wani ne. Inna ta yi dariya, taubashiyata ta ce Tulu, rufe mana baki, amma Kawu bai ko murmusa ba. Ya ce mu ba mu san abin da kalangu yake ba. Kalangu ba ya ba da labari, ɗaga mutum yake yi. Duk wanda aka yi wa take an ba shi wurin zama a cikin mutane, ko bayan ya mutu in aka kaɗa sai a ga kamar ya shigo. Ko zambo ka yi wa mutum da shi, ka ƙara masa suna. Ya ce a bar madugu ya yi magana, a bar shi ya yi dariya, amma a bar shi ya shigo da ƙafarsa.

Mu a gida abin da aka faɗa mana shi ne kakanmu ya rasu a hanyar Makka, ana faɗa ma da alfahari, an ce ya dace. Ranar ce Kawu ya ba mu sauran, yana wanke hannu a kwano, ba tare da ya ɗaga murya ba. Yana yaro ya bi mahaifinsu tafiyar. Can bayan sun wuce Chadi, jagoransu ya sauke su a wata rijiya ya ce su huta, zai je gaba ya dubo hanya ya dawo. Rijiyar laka ce kawai a cikinta. Suka jira. Kakanmu yana cikin waɗanda ba su tashi daga wurin ba. Wasu makiyaya ne suka tsinci sauran.

Ya goge hannunsa ya dube ni.

"Littafin nan naku ma ƙarya ya yi," in ji shi. "Namu madugun ba jan ido gare shi ba. Mai raha ne, duk ayari ana son a yi tafiya kusa da shi. Kamarka yake."

Ba wanda ya ƙara loma. Ni da bakina ba ya mutuwa na ce, to ai ka ga an dace da ɗan wasa. Ba a yi dariya ba.

Waƙar ba a cire ta ba. Taubashiyata ta yi kwanaki ido a kumbure, amma ta ce in aka cire waƙar madugu wasan ya zama wa'azi, kuma yaran ba za su zauna ba. Ni ma na goyi bayanta, har yau kuma ina ganin tana da gaskiyarta. Ta samo wani saurayi Bamisire mai fiyanon lantarki, shi zai raka ni. Kawu ya ci gaba da zuwa gwaji. Yana kaɗa wa kowa har gumi ya jiƙa masa hula, amma da an ce madugu ya shigo sai ya kwantar da kalangu a cinya ya juya yana kallon taga har in gama.

Bai yi fushi da ni ba irin na zagi. Yana ba ni daddawa, yana tambayar iyalina. Abu ɗaya kawai ya janye: ya daina yi mini dariya. Kawu kuwa shi ne mai saurarona na farko a duniya, tun ranar da ya tarbe ni a filin jirgi ina saurayi. Dariyarsa ba ta da sauti, kafaɗunsa ne ke rawa. Na kawo masa labarai sababbi fil, na kawo tsofaffi da na san suna kayar da shi. Sai ya ce to, madalla, ya ci gaba da auna kuɓewa.

An yi wasan a zauren wani kulob a Ma'adi, bayan la'asar, a bazarar nan da ake ɗauke wuta kamar ana wasa da makunni. Zaure ya cika, har da Misirawa maƙwabta da 'yan Sudan da ba su jin Hausa. Komai ya tafi daidai. Ayari ya taso da kiɗan Kawu, mata suka yi waƙar bankwana, na ga wasu tsofaffi suna share ido. Aka zo kaina. Na fito da jan rawanina, mai fiyano ya ɗora yatsu, na buɗe baki na ce ku biyo ni.

Wuta ta ɗauke.

Fankoki suka tsaya, fiyano ya mutu, lasifika ta yi shiru. Aka buɗe tagogi, hasken yamma ya shigo, ga ni tsaye a tsakiyar dandamali kowa yana kallona. Daga bayan labule taubashiyata tana yi mini alama da hannu, yalla, yalla, ci gaba. Na ci gaba. Na rera baitin farko ni kaɗai, na shiga na biyu. Wani jariri ya fara kuka.

Sai na ji shi daga gefen hagu. Tun-tun, sannan ya ja tsarkiya fatar ta yi ƙara kamar mutum ya yi gyaran murya. Kawu ne, kansa a sunkuye, ba ya kallon kowa. Kiɗa ne da ba mu taɓa ji a gwaji ba, mai faɗi, mai jan ƙafa, irin wanda in aka yi wa mutum sai ya ji ya fi ubansa. Ban san lokacin da kafaɗuna suka buɗe ba. Ƙafafuna suka kama tafiyar da ba ni na koya musu ba. Kafin in kai amshi zauren ya miƙe. Mata suka rangaɗa guɗa, Misirawa suna tafi suna kama kalmomin da ba su san ma'anarsu ba. Aka sa na maimaita. Na maimaita.

Da aka zo wurin rijiya, na ce wa ayari su huta zan dubo hanya. Mutumin da ke wasan tsohon da zai mutu ya kwanta yana kiran ruwa, ya yi iya ƙoƙarinsa, bawan Allah. Ni kuwa da na kai bakin labule na waiwayo na ɗaga wa jama'a gira. Aka fashe da dariya, aka yi mini tafi. Tsohon yana can a kwance.

Da muka dawo muka riƙe hannu muka rusuna, kujerar Kawu ba kowa. A bakin tashar metro muka same shi zaune a kan dakali, kalangu a naɗe, yana jiranmu. Na taho da rawanina a hannu ina shirin abin da zan ce. Ya miƙe ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko kowa ya fito. Aka ce kowa ya fito. Ya ce to mu tafi.

Waƙar ta bi gari. Wani ya ɗauka a waya, ta zagaya har gida. Yaran benen Kawu suna hawa matakala suna ku biyo ni, ku biyo ni, suna wuce ƙofarsa. Bai taɓa leƙowa ya hana su ba. Ba wanda ya riƙe waƙar bankwanar mata, ba wanda ya tuna abin da tsohon ya ce a bakin rijiya. Ni kuwa sunana ya ɓace, ko a asibiti Madugu ake kira na, marasa lafiya suna cewa sun fi son Madugu ya raka su. Kalangun ya koma kan sif. Aka yi suna, aka yi biki, aka aiko, Kawu ya ce yatsunsa sun yi tsami.

Dariyar ta dawo kaɗan-kaɗan, ba kamar da ba, amma na ga kafaɗun sun motsa wasu lokuta. Da ciwon ya kama shi ni na riƙa kai shi asibiti, ina yi masa tafinta alhali Larabcinsa ya ninka nawa, shi kuma yana bari. Mun zauna a ɗakunan jira da yawa. Mun yi zancen farashin tumatir, mun yi zancen mahaifiyata, mun yi zancen ƙwallo da ba ya kallo. Ban taɓa tambayarsa me ya sa ya kaɗa ba. Ina da amsar da nake so, na ajiye ta, ban ga dalilin kai ta a gwada ba.

Allah ya sa inda ya sauka akwai ruwa da inuwa. Allah ya haɗa shi da mahaifinsa, ya sa kada a bar kowa a baya.

Bayan addu'ar uku, da aka naɗe tabarmi aka mayar da kujeru, na hau sama in gaida Inna. Tana zaune a ƙasa cikin takaba, taubashiyata a gefenta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na yi mata ya haƙuri. Shiru ya yi yawa, ni kuma ban saba ba, sai na ji bakina ya fara dawowa. Na ce Inna, ni na san irin son da Kawu ya yi mini. Mutumin da bai taɓa karya magana ba, ya karya saboda ni. Ya ga ɗan 'yar'uwarsa tsaye a gaban duniya zai kunyata, jini ya motsa, ya manta da rijiya, ya manta da komai. Na ce wannan ko a littafi ba a rubuta irinsa ba. A nan ne ma na ji wani abu ya fara taruwa a idona, karo na farko tun rasuwar.

Taubashiyata ba ta ɗago daga shinkafarta ba. Inna ta gyara mayafi ta dube ni, kallon tausayi.

"Ai na tambaye shi da ya dawo ranar," in ji ta. "Ya ce ba don kai ya kaɗa ba, ɗana. Ya ce akwai tsofaffi da masu hawan jini a zauren, ga muryarka tsirara babu abin da ya rufe ta."